DALILAN DA KE HANA CIYAWAR KIWO KAFUWA A BAƘAR LAKA: NAZARI A KAN FADAMUN SABON BIRNI DA ISA

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wani al'amari da ya daɗe yana ɗaure wa malaman gona da masu kiwo kai, watau abin da ya sa ciyawar kiwo da ake shukawa da damina ba ta cika kafuwa a baƙar ƙasa mai laka ba, alhali kuwa kowa ya shaida ita ce ƙasar da ta fi jigawa ƙarfi da albarka. Za mu tsayar da bayaninmu a kan yankin Sabon Birni da Isa, cikin ƙasar Gobir ta arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, ko da yake za mu riƙa leƙawa wasu ƙasashe inda aka yi fama da irin wannan matsala.

Tun da farko ya kamata mu bambanta tsirowa da kafuwa. Iri yakan tsira cikin 'yan kwanaki, fili ya yi kore shar, mai shuka ya yi murna, bayan mako uku kuma a dawo a tarar babu ko ɗaya. Ba ma cewa ciyawa ta kafu sai ta yi saiwa ta dindindin, ta tsallake ranin farko da ranta, ko kuma ta zubar da irin da zai maye gurbinta baɗi. Tsakanin tsirowa da kafuwa nan ne asarar take aukuwa.

2.0 YANKIN DA MUHIMMANCIN AL'AMARIN

Yawancin ƙasar Sabon Birni da Isa jigawa ce, ƙasar gero da wake. Amma gulabe sun ratsa ta. Bunsuru da Gagare suna haɗuwa a wajen Isa, sa'an nan Gulbin Maraɗi, wanda ya zaga ta Jamhuriyar Nijar ya komo, ya zuba cikin Rima a wajen Sabon Birni, daga nan ruwan ya nufi Goronyo da Sakkwato. A bakin waɗannan fadamu ne Gobirawa suka kafa Alƙalawa, babban birninsu da ya faɗi a 1808. Idan gulbi ya cika ya yi ambaliya, yakan zubar da rairayi kusa da gaɓa, lallausan yumɓu kuwa sai ya tafi da shi can ƙurya inda ruwa ke kwanciya. Shekara da shekaru ana haka, shi ya tara baƙar lakar da muke magana a kanta. Saboda haka a wannan yanki ba shimfiɗe take ba kamar firkin Borno. Tsibi-tsibi take cikin fadama, a guraben da suka fi zurfi.

Ruwan sama a nan galibi tsakanin milimita 500 zuwa 700 ne a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Agusta. Watau dabba tana da wata huɗu na wadata da wata takwas na neman abinci. A da, fadama ce mafakar shanu da tumaki da jar akuya idan hakin tudu ya ƙare. Amma filin kiwo ya yi ta ƙuntata. Dokar keɓe wuraren kiwo da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1965 ba ta hana gonaki cin burtali da makiyaya ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe ciyawa mai daɗewa a wurare da yawa. Tun daga farkon shekarun 1990 kuma, injin ban ruwa da rijiyar burtsatse suka faɗaɗa noman rani a fadama. Daɗin daɗawa, rashin tsaron da ya tsananta a yankin daga 2019 ya sa shiga dazuzzuka irin su Gundumi ya zama kasada, har jama'a da dama suka ƙaura zuwa Jihar Maraɗi. Duk wannan ya sa ɗan filin da ya rage kusa da gari ya zama abin tattali, yawancinsa kuwa shi ne lakar da manomin gero ya ƙi. Idan ba a san yadda za a kafa ciyawa a kanta ba, to kuɗin iri da wahalar aiki za su yi ta tafiya a banza, gardama tsakanin manomi da makiyayi kuma ta ƙaru.

3.0 HALIN BAƘAR LAKA

Masana kimiyyar ƙasa suna kiran cikakkiyar irin wannan ƙasa batisol, daga wata kalmar Latin mai ma'anar juyawa, domin ƙasa ce da ke juya kanta. Aƙalla kashi 30 cikin 100 nata yumɓu ne, sau da yawa ma ya fi rabi. Yumɓun kuwa mai kumburi ne: idan ya sha ruwa ya kumbura, idan ya bushe ya tsuke. Shi ya sa da rani takan dare, ta yi tsagogi masu faɗin da hannu zai shiga, zurfinsu ya kai rabin mita ko fiye. Da damina kuma ta haɗe ta zama taɓo mai danƙo. Irinta ce firkin da ake dasa masakwa a Borno, da ƙasar audugar Jazira a Sudan, da baƙar ƙasar tsakiyar Indiya. Lakar fadamun Rima ba dukanta ce ta cika waɗannan sharuɗɗa ba, amma duk inda ta yi nauyi tana darewa, halinsu ɗaya.

Abu biyu ya kamata mu riƙe game da ita. Na farko, tana ɗaukar ruwa da yawa, amma tana da rowa. Tsiro yakan ci gaba da zuƙar ruwa a rairayi har sai damshin ya sauko wajen kashi 5 cikin 100, amma a laka yakan fara yaushi tun da sauran kashi 20 ko fiye, domin yumɓu ya riƙe ruwan gam. Na biyu, lokacin da take aikatuwa kaɗan ne ƙwarai. Yau ta fi ƙarfin garma don tauri, gobe ta kama ƙafar sa don danƙo.

4.0 HALIN IRIN CIYAWA DA TSIRONTA

Manomi yakan auna ciyawa da ma'aunin hatsi, wannan kuwa kuskure ne babba. Kilo ɗaya na dawa yana ɗauke da ƙwaya wajen 30,000 zuwa 40,000. Kilo ɗaya na irin ciyawar Rodas, wadda ake shukawa a gonakin kiwo na zamani, yana ɗauke da miliyan uku ko fiye. Irin gamba da na kyasuwa sun fi wannan girma, amma su ma ba a haɗa su da gero, ga shi kuma gashi da ƙaiƙayi sun lulluɓe su. Ƙanƙantar ƙwaya na nufin ƙarancin guzuri. Dawa na iya fasowa daga zurfin santimita 5 ko fiye, irin ciyawa kuwa idan ya wuce santimita 1 zuwa 2 ƙarfinsa yakan ƙare a hanya. Tilas ke nan ya zauna a saman ƙasa, inda ya fi ko'ina saurin bushewa.

Akwai kuma wani sirri cikin tsiron. Saiwar farko da ke fitowa daga ƙwaya siririya ce, ta wucin gadi. Saiwoyin dindindin suna fitowa ne daga gindin tsiro, dab da fuskar ƙasa, bayan mako biyu zuwa uku, kuma ba sa fitowa sai wurin ya zauna da damshi kwanaki a jere. Idan a wannan lokaci saman ƙasa busasshe ne, tsiron zai tsaya a kan zare ɗaya, iska na kaɗa shi, har ya tsinke ko ya ƙone. Watau ciyawa tana bukatar damshin sama sau biyu: lokacin tsirowa da lokacin fitar saiwa ta biyu.

5.0 DALILAN RASHIN KAFUWA

5.1 Saurin bushewar saman ƙasa. Wannan shi ne uban dalilai. Bari mu yi ƙiyasi da ruwan sama na milimita 10, irin wanda akan samu a farkon damina. A busasshiyar jigawa zai jiƙa ƙasa zuwa zurfin santimita 10 ko fiye, domin rairayi ba ya bukatar ruwa da yawa kafin ya ƙoshi. A busasshiyar laka kuwa da ƙyar zai jiƙa santimita 3, domin kowane santimita nata yana shan ninki uku na abin da rairayi zai sha. Ga shi baƙar ƙasa tana kama zafin rana, samanta yakan haura digiri 50 da tsakar rana a ƙarshen bazara. Cikin yini ɗaya ko biyu wannan ɗan damshi ya tashi. Iri ya jiƙa, ya motsa, ya fara tsaga, sai ya bushe. Irin da ya motsa ya bushe kuwa ya mutu ke nan. Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A 1965 wani masani mai suna J. K. Leslie ya wallafa bincike a kan rashin kafuwar ciyawar lokacin zafi a baƙar ƙasar Darling Downs ta Ostireliya, kuma tun daga lokacin masu binciken can suna sa saurin bushewar sama cikin manyan dalilai.

5.2 Tsagogi. Muddin tsagogin rani ba su rufe ba, ruwan farko yakan zurara cikinsu ya jiƙa ƙarƙashi, ya bar sama a bushe. Irin da aka watsa ma yakan faɗa ciki, ya tafi zurfin da ba zai taɓa fitowa ba. Idan kuma aka sami tsaikon ruwa bayan tsirowa, ƙasar takan sake darewa ta tsinka 'yan saiwoyin.

5.3 Ɓawo da ɓarɓashi. Saman laka iri biyu ne. Wata idan ta bushe sai ta farfashe ta zama ɓarɓashi kamar tsakuwa. A cikin irin wannan, ƙwaya takan zauna tsakanin dunƙule da dunƙule ba tare da ta manne da ƙasa ba, don haka ba ta samun isasshen ruwan sha. Wata kuwa, musamman inda akwai kanwa a ƙasa, ruwan sama mai ƙarfi yakan narkar da ita, in rana ta fito ta ƙame ta zama ɓawo. Tsiron dawa yakan ɗaga ɓawon, na ciyawa kuwa sai ya lanƙwashe ya mutu a ƙarƙashinsa.

5.4 Kwanciyar ruwa. Wanda ya gudu daga fari ya jinkirta shuka, sai ya faɗa hannun marka. Da zarar laka ta ƙoshi ta haɗe, ruwa ba ya ratsa ta sai kaɗan-kaɗan. Saiwa kuwa tana numfashi. Idan ruwa ya cike kafofin iska kwanaki, sai ta shaƙe ta ruɓe. Babbar ciyawa tana jurewa, amma tsiron da bai kai taƙi ba, in ruwa ya shafe kansa, ba ya tashi. A cikin irin wannan hali kuma sinadarin naitirojin yakan salwanta, tsiron ya yi rawaya. Ashe ke nan lokacin shuka a laka ɗan tsukuku ne tsakanin ƙishi da nutsewa.

5.5 Masu cin iri da tsiro. Irin da aka bari a fili rabon tururuwa ne, tana iya kwashe abin da aka watsa cikin 'yan kwanaki ta kai rami. Tsuntsaye irin su jan baki da kurciya suna tsintar nasu, ɓeraye kuma suna samun maɓoya a tsagogi. Abin da ya tsira, fara da tsutsa suna jiransa.

5.6 Gasa da hakin wuri. Ƙarfin laka ba ciyawar da aka shuka kaɗai yake amfana ba. Ambaliya tana kawo irin haki kala-kala kowace shekara, kuma waɗannan 'yan gida ne, sun fi saurin tashi. Ciyawa mai daɗewa kamar gamba takan yi nawa a shekarar farko, domin ƙarfinta yana tafiya wajen gina saiwa. Kafin ta miƙe, tafasa da jiji da makamantansu sun rufe ta, sun raba ta da hasken rana.

5.7 Iri marar kyau da zaɓin da bai dace ba. Buhun irin gamba yawancinsa ƙaiƙayi ne da kunnuwan da babu ƙwaya a ciki. Sabon iri kuma yana da barci, ba ya tsira sosai sai ya yi watanni a ajiye. Ban da wannan, ciyawar da aka fi sani ta tudu ce. Gamba, wadda masana ke kira Andropogon gayanus, ta yi suna har waje: irin da aka ɗauka daga Shika kusa da Zariya shi aka fitar wa manoma a Kolombiya da Barazil a 1980. Amma a ƙasa mai tsane ruwa ta yi wannan suna. Haka kyasuwa da burburwa da ƙarangiya, duk 'ya'yan jigawa ne. Kai su gindin fadama kamar kai raƙumi cikin taɓo ne.

5.8 Kiwo tun ba a kafu ba. Tsiron da ke tsaye a kan saiwa ɗaya, akuya na figarsa zai tuge gaba ɗaya. Kofaton shanu kuma a jiƙaƙƙiyar laka yakan dagargaza wuri, in ya bushe ya zama kamar daɓe.

6.0 ABIN DA YA KAMATA A YI

Idan an gane cuta, magani ba ya wuyar nema. Daga bayanan da suka gabata muna iya fitar da shawarwari kamar haka.

Na ɗaya, a raba fadama gwargwadon kwanciyar ruwa, a ba kowane sashe ciyawarsa. Gindin fadama, inda ruwa ke daɗewa, na burugu ne da roba. Tsaka-tsaki ya dace da kiri-kiri, a kuma ja layin jema a gefe don riƙe ƙasa. Gamba da kyasuwa a bar su a bakin fadama inda laka ta gauraya da rairayi. Akwai baƙin ciyayi da suka yi suna a baƙar laka, kamar wadda ake kira Bambatsi, mai asali daga kudancin Afirka, amma kada a shuka su da yawa sai an jarraba su a ɗan fili tukuna.

Na biyu, a fifita dashe a kan watsa iri. Wannan darasi ne da manoman firkin Borno suka daɗe da sani: ba sa shuka masakwa kai tsaye, sai su yi renonta a wani wuri, su dasa ta bayan ruwa ya janye. A ƙasar Mali, wajen Mopti, da yankan karan burugu aka farfaɗo da makiyayun da farin shekarun 1980 ya kashe. Gamba ma ana tsaga tushenta a dasa. Dashe yana da cin aiki, amma yana tsallake makonni ukun nan na haɗari baki ɗaya, domin abin da aka dasa ya zo da guzurinsa.

Na uku, idan da iri za a yi, kada a yi binne, kada kuma a bi ruwan farko kamar yadda ake yi wa gero. A jira tsagogi su rufe, damshin sama ya haɗu da na ƙasa, a kuma riga marka. A yawancin shekaru wannan yakan faɗo cikin watan Yuli. Jiran yana da wata fa'ida, domin hakin wuri zai riga ya fito, a nome shi kafin a shuka.

Na huɗu, a ɗaga wurin shuka. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, wadda aka kafa a Indiya a 1972, ta gwada faffaɗar kunya a baƙar ƙasar can, mai faɗin wajen mita ɗaya, da kwari na rabin mita a tsakani don fitar da rarar ruwa. Garmar shanu da muke da ita tana iya yin abin da ya yi kusa da wannan. Amma ramin rabin wata da maƙwabtanmu na Maraɗi da Tawa suke haƙawa don tara ruwa, na fako ne da gangare. A gindin fadama ƙara nutsar da tsiro zai yi.

Na biyar, a shuka a layi, zurfin da bai wuce santimita 1 ba, a rufe, a danna da ƙafa don ƙwaya ta manne da ƙasa, muddin ƙasar ba ta kama ƙafa. A gauraya irin da busasshen rairayi ko lallausan taki don ya rarrabu. Sa'an nan a yi wa layin shimfiɗa marar kauri da kara ko tattaka. Wannan shimfiɗa tana rage zafin ƙasa, tana tsawaita damshi, tana kuma karya ƙarfin ɗigon ruwa don kada ɓawo ya yi.

Na shida, a gwada iri kafin a fita da shi. A ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa, bayan mako biyu a ƙirga waɗanda suka tsira. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, kowane ɗalibi na iya yinsa a gonar makaranta.

Na bakwai, a kare wurin a daminar farko. Alama mai sauƙi ita ce a kama tsiro a ja. In ya tuge, bai isa kiwo ba. Ya fi kyau a yanka da lauje a kaka a kai wa dabbobi. Wannan kuwa ba aikin shinge kaɗai ba ne. Sai hakimai da masu unguwanni da arɗaɗɗan Fulani da manoma sun zauna sun yarda a kan wane ne zai tsare, wane ne zai yanka, yaushe kuma za a buɗe wa dabbobi.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa rashin kafuwar ciyawa a baƙar laka ba daga rashin albarkar ƙasar ba ne. Ya samo asali ne daga haɗuwar abu biyu: ƙwaya ƙarama wadda tilas ta zauna a saman ƙasa, da ƙasa wadda samanta ba ya daɗewa da damshi, in kuma ya jiƙe sai ya wuce kima. Sauran dalilai, kamar tururuwa da haki da kiwon wuri, suna ƙara wa wannan nauyi ne. Mun kuma ga cewa ciyawar da ta tsallake wannan mataki ta sami ƙasar da za ta riƙe ta da damshi har cikin rani, lokacin da jigawa ta zama ƙura.

Muna kira ga kwalejojin ilmi da na aikin gona, da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da su kafa ƙananan filayen gwaji a fadamun Rima, a auna dashe da shuka, da kunya da fili, da shimfiɗa da rashinta, shekara uku ko huɗu a jere. A kuma rubuta sakamakon da Hausa, a saka ilmin da tsofaffin makiyaya da manoman fadama suke da shi game da sunayen ƙasa da na haki, domin mai shanu da mai gona su karanta su amfana.